Rantsuwar Madara a Ɗakin Uwar Tudu

A garinmu, can bisa tudun da ke kallon kogin Furatu, babu babban da ke shan madara. Ta jarirai ce da 'yan tumakin da uwa ta ƙi. Da zarar yaro ya fara famfara cikinsa ke daina yarda da ita, in kuwa ya yi taurin kai ya sha, a bayan duwatsu zai wuni yana nadama. Kowa ya san haka a gidansa. Abin da har yau nake mamaki shi ne yadda kakanninmu, mutanen da suka iya gina rumbu da haƙa rijiya, suka yarda cewa da an zuba madarar nan a akushin dutse na Uwar Tudu, gunkin garinmu, sai ta canza hali, ta ƙyale mai gaskiya, ta kama maƙaryaci shi kaɗai.

Ga yadda ake yi. In mutum biyu suka yi jayayya har dattawa suka gaji, wanda ake tuhuma yana iya cewa zai sha. Da safe a tatso akuyar mai ƙara, a miƙa wa mai kula da ɗakin Uwa, ya rufe madarar a gabanta har rana ta take tsaka, don ta dube ta da kyau. Sannan a fito da akushin, mai rantsuwa ya shanye, ya zauna a kan falalen dutse, gari ya kewaye shi ya yi tsit ana sauraron cikinsa. In cikin ya yi magana, to ya yi wa Uwa ƙarya a idonta, kuma irin wannan ba ya sake kwana a gari. A ƙetarar da shi kogi a bar shi da daji. Ba a taɓa jin wanda ya dawo ba, ba a kuma taɓa jin wanda ya sha cikinsa ya yi shiru ba. Mutanenmu ba su ga abin tambaya a nan ba, cewa suke yi ai dama sai marar kunya ke kai kansa ga akushi.

Mai ɗakin a zamanin da nake ba ku labari sunansa Yashub. Daga kawunsa ya gaji aikin. Tsohon yana gargara ya kira shi ya raɗa masa sirrin ɗakin gaba ɗaya, bai kuwa wuce magana ɗaya ba: kada ka kuskura ka ɗanɗana. Yashub ya gane, kuma abin bai hana shi barci ba. A ganinsa akushin yana wa gari amfani, don tsoronsa ke sa mutane su shirya tun kafin a kai ga tatsa, kuma sai a yi shekaru ba a zaunar da kowa a falale ba. Waɗanda aka zaunar ɗin ma, in ka duba, yawancinsu ba a yi kewarsu ba. Ita kanta Uwar Tudu baƙin dutse ce mai faɗin ƙugu, ba wuya ba ƙafa, wani a can baya ya fafe mata idanu biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma. Yashub yana ganin mutuncinta ƙwarai, domin a duk zamansu ba ta taɓa musa masa magana ba.

Yana da wani sirrin kuma, nasa na kansa, wanda ko kawun bai sani ba. Rabon mai ɗaki a kowane yanka shi ne kayan ciki, Yashub kuwa mutum ne da ba ya zubar da komai. Har tumbin 'yan awakin da aka yanka suna kan nono yakan hura ya rataye su bushe, ya riƙa zuba tarkace a ciki. Wata rana mata suka kawo wa Uwa madarar tatsar farko, wadda ya kamata ya tuttular a gindinta. Ya dubi gindin, ya tuna warin da zai biyo baya da ƙudan da za su taru, sai ya ɗura ta a wani tumbi da niyyar kai wa karyarsa, ya rataye inda rana ke shigowa, ya manta. Da ya tuna ya kwance bakin, sai ya tarar madara ta rabu biyu, ga wani farin abu mai santsi yana rawa, ga wani ruwa kore-kore ya taso masa. Da farko ya ɗauka fushin Uwa ne. Ya jefa wa karya farin, ya zauna yana jiran ta mutu. Karya ta lashe ta dawo tana kaɗa wutsiya. Sai ya lakata ya kai baki.

Abin da yau kowace tsohuwa ke matsewa a kwando ta kira shi cuku ke nan, amma lokacin ba shi da suna, ba shi da masu ci sai mutum ɗaya da karya ɗaya. Yashub ya ci, ya jira cikinsa, ciki ya yi shiru. A hankali ya koyi matse shi, ya koyi barbaɗa masa gishiri, ya gane cewa ɗan yanki na busasshen tumbi ya isa ya kama akushi guda in akwai ɗumi. Sau ɗaya ya gwada shan ruwan don kada ya yi asara, ranar ya san inda sharrin madara yake taruwa, bai kuma sake ba. Tun daga nan madarar Uwa ta daina isa gindin Uwa. Yashub ya yi kumatu, wuyansa ya yi ninki, mata suka riƙa nuna shi suna cewa a dubi yadda albarka ke zama a jikin bawan Uwa.

Abu ɗaya yake so a duniya fiye da cikinsa, ita ce 'yarsa Iltani. Mijinta ya mutu ya bar ta da jaririya da 'yan tumakin da ba su taka kara sun karya ba. A ɗakin Uwa ta girma tana shara, duk abin da ubanta ya faɗa da muryar aiki ta haɗiye shi ba tauna. Shi ya koya mata, bai taɓa zaton zai ga ranar da abin zai dame shi ba.

Katangarta ɗaya da wani mai garke ana ce masa Bunuma. Yana da rago mai baƙin kunne wanda yake tsaro fiye da rumbunsa, duk mai son irin ragon sai ya yarda ya ba da ɗa daga abin da aka haifa. To a bazarar nan sai tumakin Iltani suka haihu, kowane ɗa da baƙin kunnensa, ba ko ɗaya da ya yi ƙoƙarin rufa wa uwarsa asiri. Bunuma ya ce kwance masa rago ta yi ta kai garkenta. Ita ta ce rago ne ya tsallako katanga da ƙafarsa. Dattawa suka zauna suka tashi, suka sake zama, suka ce ta ba shi 'ya'yan a huta. Iltani ta gyara goyonta ta ce za ta sha.

Yashub ya same ta da yamma tana niƙan sha'ir. Bai ko zauna ba.

"Ke, me na ji?"

"Abin da ka ji, Baba."

"Ki ba shi 'yan tumakin nan. Ni zan ba ki wasu, waɗanda suka fi su."

"In na ba shi na amsa sunan ɓarauniya ke nan. 'Yata ta girma ana ce mata ɗiyar wadda ta saci namiji da igiyarsa."

"Za a manta."

"A garin nan? Har yau ana kiran Kawu Sumhu mai kwana a rijiya, shi kuwa sau ɗaya ya faɗa, tun ban zo duniya ba." Ta ture garin da ta niƙa gefe. "Baba, ban taɓa ragon nan ba sai da sanda. Da safe na tarar da shi a tsakiyar tumakina yana huci kamar wanda ya wuni noma, na kora shi gida. Uwa ta gani. Ko ba ta gani ba?"

"Ta gani mana."

"To me kake tsoro?"

In ya gaya mata gaskiya ya raba ta da abin da take jingina da shi tun mutuwar mijinta. Kuma ya san bakin 'yarsa, kafin rana ta faɗi za ta tsaya a dandali ta faɗa wa kowa, dangin waɗanda aka ƙetarar kuwa ba za su tsaya neman bayani ba, duwatsu za su nema. Wanne ne ya fi danne masa harshe a cikin biyun, shi ma bai sani ba, kuma bai so ya bincika.

"Uwa ta tsufa," in ji shi. "Wani lokaci ido yakan yi mata gizo."

Iltani ta daina niƙa ta dube shi. "Baba, a bakinka?"

"Wasa nake yi."

"Kada ka sake irinsa, tana ji."

Daga nan gidan Bunuma ya nufa. Ya tarar da shi yana sosa wa ragon wuya, ragon yana lumshe ido kamar ba shi ya haɗa rigimar ba.

"Mai Ɗaki da kansa," in ji Bunuma. "Zauna, amma kada ka matso kusa da ragon, danginku ba su da amana a kansa."

Yashub ya haɗiye wannan. Ya yi magana mai daɗi, ya ambaci maƙwabtaka, ya ambaci marainiya, ya yi alkawarin roƙa wa garken Bunuma albarka ta musamman, irin wadda ba a yi wa kowa. Da ya ga ba ta shiga ba ya ce zai ba da awakinsa duka. Bunuma ya bar shi ya gama tsaf.

"Ka tuna da aka zaunar da ɗan ƙanena a falalen nan? Haka na zo maka, har da durƙuso. Ka ce min Uwa ba ta da dangi."

"Yaron ya saci gatari, Bunuma. Kowa ya sani."

"To ai shi ke nan. In 'yarka ba ta saci komai ba, madara ce kawai, ta sha ta koma gida. Ko akwai abin da ka sani wanda mu ba mu sani ba?"

"Babu," in ji Yashub, ya tashi ya karkaɗe rigarsa.

Washegari da safe aka tatso akuyar Bunuma a gaban dattawa. Bunuma da kansa ya tatsa, ya matse ta har sai da ta yi kuka, akushi ya cika ya batse. Yashub ya karɓa da hannu biyu ya shiga ɗaki ya ja fatar ƙofa. Ya ajiye akushin kusa da garwashin turare, inda bai taɓa ajiye shi ba, ya zaro ɗan busasshen tumbi daga ɗamararsa ya tsoma. Sannan ya zauna ya fuskanci Uwa.

"Ke dai kin san ban taɓa roƙonki komai ba, don na san iyakarki," in ji shi. "Yau ma ba na cewa ki yi wani abu. Ki dai yi shiru kamar kullum."

Uwa ta yi shiru. Shi ne ya kasa. Ya leƙa akushi, madara tana nan yadda take. Ya zagaya ɗaki, ya dawo ya sake leƙawa, ya ƙara tura garwashi, ya ja da baya don kada ya yi yawa. Shekara da shekaru yana wannan aiki don kwaɗayi bai taɓa ƙin kamawa ba, sai yau da ran 'yarsa ke ciki abin yake neman yi masa yanga. A waje yana jin gari yana taruwa, yana jin muryar Iltani tana gaisawa da mutane cikin raha kamar wadda ta zo biki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba. Sai da hasken rana ya kusa sauka ta kafar rufi sannan ya dangwala yatsa ya ji abu ya tsaya. Ya tsamo guntun tumbin, ya rasa inda zai sa, ya jefa a baki ya haɗiye.

Ya fito a hankali, fuskar nan a murtuke, ya ajiye akushi a gaban falale ya ja da baya kamar wanda ya ga maciji. Dattawa suka leƙa. Babbansu, wani tsoho mai suna Yarim, ya taɓa da bakin sandarsa, abin ya yi rawa ya koma ya tsaya. Mata suka ja 'ya'yansu baya.

"Tun da nake ban taɓa ganin haka ba," in ji Yashub da muryar aiki, wadda yake fitarwa daga ƙasan ciki. "Ina tsaye Uwa ta dubi madarar nan, ta dube ta, ta sake dubawa. Sai ta raba ta biyu a kan idona. Ta ce ta gaji da ba mutane gaskiya da ƙarya a gauraye. Farin nan shi ne gaskiya. Ruwan nan ƙarya ce. A ba yarinya gaskiya ta ci, mu gani ko cikinta zai karɓa."

Ya sa aka kawo kwando da kasko. Ya yanka farin da wuƙar yanka, a tsaye da a kwance, ya juye a kwando, ya naɗe hannun riga ya shiga matsewa. Ruwa ya riƙa tsiyaya cikin kasko. Ya matsa, ya juya, ya sake matsawa da dukkan nauyin da Uwa ta ba shi, don duk ɗigon da ya bari a ciki zai iya yi wa 'yarsa magana. Saura kaɗan ya ce a miƙo gishiri.

"Wannan hannu kamar ya saba," in ji wata tsohuwa daga baya.

"Uwa ce ke juya shi," in ji ta kusa da ita, amma ita ma idonta yana kan kwandon, tana lura da yadda ake yi.

Iltani ta kwance goyo ta ba wata, ta hau falale ta zauna. Ubanta ya miƙa mata farin dunƙulen. Ta ɗaga shi wajen ɗakin Uwa ta rantse ba ta kwance ragon Bunuma ba, ba ta kira shi ba, ba ta ko yi masa kallon arziki ba. Ta gutsura ta tauna. Gari ya zuba mata ido. Ta sake gutsura, wannan karon babba.

"Yaya?" in ji tsoho Yarim.

"Da daɗi, Kaka. Da akwai gurasa da ya fi."

Wasu suka yi dariya, Yarim ya daka musu harara. Ta cinye tas ta lashe yatsu. Yashub ya ji numfashinsa ya dawo. Ya sunkuya ya ɗauki kasko zai kai bayan ɗaki ya tuttular, har ya juya.

"Ina za ka da shi, Mai Ɗaki?" in ji Bunuma.

"Ƙarya ce. Zubarwa za a yi."

"Tun yaushe? Ni dai tun ina yaro abin da ya fito daga akushin rantsuwa ciki yake shiga, ko ɗigo ba ya taɓa ƙasa. Kai ka sa ɗan ƙanena ya lashe gindin akushi da harshe. Dattawa, ko na yi ƙarya?"

Dattawa suka dubi juna. Ba su son Bunuma, amma ba su son a ce sun manta al'ada, ita kaɗai ce abin da suka fi yara sani. Yarim ya gyara murya ya ce gaskiya ne, madarar da aka tatsa don rantsuwa ba ta komawa ƙasa, sai wani ya shanye ruwan nan ko rantsuwa ba ta cika ba.

"Ba ni nan, Baba," in ji Iltani, ta miƙo hannu tana murmushi. "Abin da ban yi ba ba zai kama ni ba, ko a fari ko a ruwa."

Hannunta ya taɓa bakin kaskon. Yashub ya dubi ruwan, ga shi ya cika kasko fal, ya fi wanda ya taɓa gwadawa nesa ba kusa ba. Dabara ɗaya yake nema, shi da bai taɓa rasa dabara ba, amma kansa ya zama fanko. Ya janye kaskon daga hannunta.

"Wannan rabon mai ɗaki ne," in ji shi. "Haka Uwa ta ce."

Ya kafa kai. Ruwan yana da ɗumi da ɗan zaƙi-zaƙi, abin haushi ma ba shi da ɗaci. Ya sha, ya huta, ya sake kafawa, yana jin tumbinsa yana cika kamar salka. Ya kife kasko ya nuna wa Bunuma gindinsa.

Sai zaman jira. Mai rantsuwa ba ya tashi daga falale sai inuwar katangar ɗaki ta taɓa gindin dutsen, in ya tashi kafin nan ya faɗi. Kuma ba wanda ke da ikon cewa inuwa ta iso sai mai ɗaki, yana tsaye a gefe da sandarsa. Yashub ya ɗauki sanda ya tsaya. Gari ya yi tsit, har aka kori awaki nesa don kada a ɗora musu laifin wani ko a ɗora wa wani nasu.

Iltani tana zaune ta miƙe ƙafafu, hannu a cinya, ko gezau. Bunuma ya matso ya tsuguna ya karkata kunne wajen cikinta har sai da Yarim ya ce ya ja baya, ba matarsa ba ce. Inuwa ta fara rarrafowa. Mutane suka fara kallon juna, don ba wanda ya taɓa ganin an kai nan ba a ji komai ba.

Sai aka ji. Wani ɗan ƙugi ne siriri, ya taso ya yi tsawo ya lanƙwasa a ƙarshe kamar mai tambaya. Duk idanu suka koma kan Iltani. Iltani ta waiga tana neman inda ya fito.

Yashub ya yi tari. Ya buga sanda a ƙasa ya fara wata waƙar Uwa da ba a saba yi a wannan lokaci ba, da ƙarfi, yana jan kowace gaɓa. Cikinsa ya jira ya kai inda zai ja numfashi sannan ya amsa masa, wannan karon da murya babba, irin ta bijimi a bayan gari. Zufa ta karyo masa. Ya matse duk abin da ɗan Adam ke iya matsewa, ya tsaya a ƙafa ɗaya, ya koma ɗayar. Abin da ya biyo baya ba ƙugi ba ne, kuma na kusa da shi ba su buƙaci kunne ba.

"Cikin wa ke magana?" in ji Bunuma a hankali, fuskarsa kamar an ba shi kyautar rago na biyu.

Wani yaro ya fara dariya uwarsa ta toshe masa baki. Yarim ya daɗe yana kallon ƙasa, don tare suka yi ƙuruciya da Yashub. Sannan ya ce, ba da son ransa ba, duk wanda ya sha daga akushi cikinsa ya yi magana, hukuncinsa ɗaya ne, ba a taɓa cewa ban da wane ba.

Akwai ƙofa ɗaya a buɗe, Yashub yana ganinta sarai. Zai iya ce musu ruwan nan haka yake yi wa kowa, madara haka take yi wa kowa, a kawo wani kasko a ba Bunuma a gani. Za su yarda, don kowa ya san haka a gidansa. Amma kafin ya rufe baki Bunuma zai ce to ashe yarinya ba ta sha komai ba, a sake tatso akuya. Ya dubi inuwa. Saura kamar tafin hannu.

"Baba," in ji Iltani. Muryarta ta zama ƙarama, irin ta lokacin da take shara ba ta kai tsawon tsintsiya ba. "Wace ƙarya ka yi mata?"

"Da yawa, 'yata."

Ta dafa dutse za ta miƙe.

"Zauna," in ji shi da muryar aiki. "Inuwa ba ta iso ba."

Ta zauna. Jikinsa duka yana kiran bayan duwatsu, ga su can ba nisa, amma in ya bar wurin babu mai cewa ta wanku. Ya riƙe sanda da hannu biyu ya kafa idonsa a ƙasa. Mutane suka ja da baya suka bar masa fili, wasu sun toshe hanci, wasu sun sunkuyar da kai don kunyarsa ta kama su. Bai taɓa sanin inuwa tana da nawa haka ba. Ya tsaya har ta lashi gindin falale, ya ƙara jira kaɗan don kada Bunuma ya sami abin cewa. Sannan ya ɗaga sanda.

"Inuwa ta iso. Uwa ta wanke Iltani. Tumakinta nata ne, sunanta nata ne, duk wanda ya sake ambaton ragon nan a kanta da Uwa yake yi."

Ba wadda ta yi guɗa. Yarim ya miƙo hannu, Yashub ya ba shi sandar. Iltani ta sauko daga falale ta karɓi 'yarta, ta juya fuskarta ga katanga kamar yadda ake yi wa wanda Uwa ta kama, kamar yadda shi ya koya mata, kafaɗunta suna rawa. Abin ya yi masa ciwo har cikin ƙashi, amma ya gode da ta juya, don abin da ke gangarowa a ƙafarsa ba abin da 'ya za ta gani ba ne. Ya tattare rigarsa ya kama hanyar kogi.